Harafin da Ya Kayar da Mithu

Kalkatta, 4 ga Agusta, 1964

Baba,

Ina taɓa ƙafafunka don girmamawa, da fatan ciwon gwiwar ya yi sauƙi. Mithu ta faɗi jarrabawar shiga makarantar 'yan mata. Sau bakwai ta rubuta "shew" a gurbin "show" cikin takarda ɗaya. Shugabar ta tambaye ni, tana dariya, ko a ɗakin ajiyar kayan tarihi aka raini 'yata. Na san hannun wanda ya koya mata. Don Allah ka daina cusa mata Turancin matattu.

Ɗanka,
Nirmalendu

Krishnanagar, 11 ga Agusta

Nirmal,

Albarkata ta kai gare ka. Gwiwa tana nan yadda ka bar ta shekara uku da suka wuce.

"Shew" ba kuskure ba ne. Ma'anarsa nunawa, kuma yadda ake faɗin ɗayan haka ake faɗinsa, tsohon rubutu ne kawai. Shekara talatin ina akawun kotu ina rubuta shi a sammaci, alƙalai suna sa hannu, tun kafin a haifi shugabar taku. Mithu tana 'yar wata shida lokacin da uwarta ta rasu ka dire mini ita ka hau jirgi. Shekara goma sha ɗaya ban ga ka koya mata ko harafi ɗaya ba. Yau ka zama masani?

Mahaifinka,
Haripada Sanyal

Kalkatta, 20 ga Agusta

Baba,

Ina gaisuwa. Na buɗe littattafanta na aji, ko'ina "show" ta rubuta, daidai. Da na titsiye ta sai ta ce da gangan ta yi, wai in ta faɗi zan mayar da ita wajenka, tun da babu mai ɗumama maka man gwiwa. Kwana biyu ba ta ci ko lomar shinkafa ba. Kai ka kitsa mata wannan? An yarda ta sake rubuta jarrabawar ranar goma ga watan gobe. In ta maimaita, ba za ta taka Krishnanagar ba, ko lokacin babban bikinmu na Puja. Ni ne ubanta, ko ka so ko ka ƙi.

Da ladabi,
Nirmalendu

Krishnanagar, 27 ga Agusta

Nirmal,

Ban kitsa komai ba, kuma ba zan manta ka tambaye ni haka ba.

Ka kira ta ka karanta mata wannan da bakinka. Mithu, rubutun nan ya mutu, ni ma na sani tun tuni. Ki sa "o". Na cika ɗakinki da buhunan shinkafa, babu wurin kwana. Gwiwata ta warke sarai. Ki ci abinci.

Kai kuma kada ka ƙara mata ko kalma ɗaya.

Albarkata gare ta.
Haripada Sanyal