Mai Jan Gyalen da ke Cikin Wayarka

Zuwa ga Malam, tsohona mai gyaran rediyo, inuwata a tsakar rana, ruwan sanyin randata, farin watana mai furfura da tari!

Kana mamakin takarda alhali ɗaki ɗaya muke kwana, ko? To yaya zan yi? Na lura sai abu ya zo a rubuce kake kallonsa.

Wace ce ita, Malam? Wannan mai jan gyale da ke cikin wayarka, mai ihu kamar an taka mata ƙafa. Tun safe take gaya maka 'yan ɗaya jam'iyyar duk ɓarayi ne, maƙiya ne, kai kuma kana gyaɗa kai har tabarau na zamewa kan hancinka. Ni da na haifa maka 'ya'ya, yaushe rabon da ka gyaɗa mini kai haka? In na ajiye shayi sai ya huce. In ita ta yi tari sai ka ƙara murya. Wayyo zuciyata, ta zama busasshen ganye a bakin murhu!

Ka manta rediyon babanmu? Kullum yana lalacewa, kullum ana kiranka. Ka san sarai ni nake juya batir, amma sai ka buɗe bayansa, ka haɗe gira, ka ce aikin babba ne, sai ka dawo gobe. Kai da Yayana kuna zaune a tabarma ɗaya, labarai ɗaya kuke ji, ku yi ta musu har jijiyar wuya ta tashi, sannan ku sa hannu a kwano ɗaya. Ni ina leƙe ta taga, idanunka kamar taurari bayan ruwan sama.

Yau fa? Shi ma yana da tasa mai ihun, wadda ke rantse masa cewa ku ne ɓarayin. Jikarmu ta ce wayar lura take yi da abin da ke tafasa maka jini, sai ta ƙaro maka irinsa. Ashe dai makira ce! Ta sa ka kira Yayana, abokinka na ƙuruciya, maci amana a gaban jikoki, ka fitar da shi daga zauren hirar iyali na waya. Tun ranar bai taka gidan nan ba. Kujerarsa kyanwa ce ke kwana a kai. Mai jan gyalen nan ta san sunanka? Ranar da gwiwarka ta kumbura, ita ta goya ka zuwa mota ko Yayana?

Kishi nake, ban ɓoye ba. Kishi irin na tsohuwar da haƙoranta suka ragu amma cizonta bai ragu ba. Ka dawo mini da idanunka, ka dawo mini da ɗan'uwana. Gobe da hantsi zai zo, na ce masa rediyonmu ya lalace kuma kai ka ce ya zo ya riƙe maka fitila. Ku yi musu son ranku, ku cika mini gida da hayaniya, amma a kwano ɗaya.

In kana neman cajarka, kada ka wahalar da yara. Tana ƙulle a bakin zanena. Sai ka zo kusa, ka dube ni ido cikin ido, ka roƙa.

Taka tun batir na farko, har ranar da nawa zai ƙare,

Tsohuwarka