Rijiyar Malam Shitu

Litinin, 15 ga Satumba, 2025

Kai jikan da ka saci littafin nan kana karantawa, na gan ka. Tunda ka buɗe, ga kacici-kacici: wane baƙo ne ya shigo gidana ba sallama, bai bi ta zaure ba, bai hauro katanga ba, amma har tukunyar miya ya leƙa? Ni dai na ce babu shi.

Laraba, 17 ga Satumba

Tani mai nono ta ce shanunsu sun ƙi shan ruwan rijiyata. Sun shinshina sun juya. Na ce shanun Fulanin yanzu ai ruwan leda suke so. Ta yi dariya, amma ba ta wanke ƙwaryarta a nan ba. Sabon gugan roba ne ke wari, ba komai ba.

Asabar, 20 ga Satumba

Angona ya zo daga Kano. Mudassir, jikana, wanda ya sami aiki a hukumar da ke duba gidajen mai. Ya zo ba kayan shayi, sai kwalba fanko. Na ce miji marowaci, yau sai saki.

Wai mutanen garinmu Dangora sun kai ƙara kan gidan man bakin titi, bayan katangata. Wai tankin da aka binne ya tsufa, in ya tsiyaya sai man ya bi ƙasa ya shiga ruwa. Ba za a tilasta wa mai shi ya tono ba sai an gwada rijiyar da ta fi kusa. Tawa ke nan. Na ce in an samu fa? Ya sunkuyar da kai. "Sai a rufe ta, Iya."

Marigayi Malam Shitu da hannunsa ya haƙa ta, shekarar da na haifi uban yaron nan. Zurfinta gaba goma sha biyu.

Na ce je ka yi la'asar, zan cika maka. Na cika masa da ruwan saman da na tara a randa. Allah ya yafe mini, har dariya na yi.

Alhamis, 25 ga Satumba

Ya bugo waya yana murna. Ruwana garau, in ji na'ura. An rufe maganar. Na ci tuwo bai yi mini daɗi ba.

Lahadi, 28 ga Satumba

Bushra, ƙanwarsa, ta sauka. Mace. An kawo ta gida wankan jego.

Talata, 30 ga Satumba

Da asuba na ɗora ruwan wankan da kaina, daga rijiya. Da ya tafasa na ɗaga murfi, tururin ya bugi fuskata kamar na tsaya bayan acaɓa. Ga wani abu mai launi-launi yana yawo a kai. Bushra tana zaune da jaririya tana jira. Ta ce Iya lafiya? Na ce ƙadangare ne ya faɗa. Na zubar a kwata, na aika aka sayo na mai kura.

Laraba, 1 ga Oktoba

Na kira Mudassir na faɗa masa gaskiya. Ban yi wasan ango ba. Sai ya ce, "Iya, da sunana na sa hannu a takardar." Wannan ban sani ba. Wallahi ban sani ba.

Asabar, 11 ga Oktoba

Ya je ya faɗa wa ogansa da bakinsa, an yi masa faɗa, ba a kore shi ba. Wannan karon shi ya ja gugan, ni ina tsaye kamar ɓarauniya. Na'ura ta ga mai a ruwan. Shekaranjiya 'yan hukumar suka ɗaura jan ƙyalle a gidan man, jiya aka fara tono. Tani ta ce a gwada ta rugarsu ma, na ba ta lambarsa.

Yau aka ɗora wa rijiyar murfin siminti. Ban yi kuka ba, hayaƙin murhu ne. Na sa ya rubuta sunan Malam a kai kafin ya bushe.

Baƙon nan fetur ne. Ta ƙarƙashin ƙasa ya shigo.