Wanda Ya Tsaya a Bakin Ƙofa

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da yara da Inna. Ki ce wa Inna maganin ƙafarta ba na ado ba ne, ta riƙa sha.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Maganar ba ta waya ba ce. Ɗakinmu cike yake da kunnuwa, kuma gadon mijinki a saman nawa yake. Shi ya sa na rubuta, na ɗauki hotonta na turo miki.

Mijinki Kyaftin ya iso lafiya, har ya fara kumatu. An sa shi a rukuninmu na masu wanke tankin jirgin ruwa. Ban taɓa yi miki bayanin aikin nan ba, don ban ga ribar tayar miki da hankali ba. Tanki ɗaki ne na ƙarfe a ƙasan jirgi, ya fi gidanmu girma, ba taga, ƙofarsa rami ne daga sama wanda da ƙyar kafaɗa ke wucewa. Ni nake sauka, da igiya a bayana. Mutum ɗaya yana tsayawa a bakin ramin yana kallona. In na faɗi, ya buga ƙararrawa, ya naɗe igiya, ya jira 'yan ceto masu tukunyar iska a baya. Ko sama da ƙasa za su haɗu, ba ya shiga. Wannan tsayuwar aka ba mijinki.

Kin san abin da ya taho da shi a wayarsa? Fim ɗin Baba. Na kumbon nan da ya ɓace a sararin samaniya, wanda muka yi ta kalla a shagon gyaran talabijin har kaset ɗin ya tsinke, Baba ya liƙe shi. Ranar hutu ya sa mana shi a ɗakin cin abinci.

Ya tsufa, Auta. Bangon kumbon kwali ne, in an rufe ƙofa har girgiza yake. Dodon da ya hana ki barci mutum ne cikin rigar roba, ana ganin ɗinkin a bayansa. Mutane suka yi ta dariya. Amma zan ba shi haƙƙinsa. Inda makanikin ya fita gyara a wajen kumbo, aka ɗauke kiɗa, ba ka jin komai sai numfashinsa cikin hular gilashi, duk masu shiga tanki sun ajiye cokali. Wanda ya shirya wurin nan ya san abin da yake yi. Haka yake, babu ragi.

Sai aka zo inda igiyar makanikin ta tsinke, kyaftin ɗin kumbon ya kwance tasa igiyar ya yi tsalle ya bi shi. Mijinki ya miƙe tsaye yana tafi, kamar yadda yake yi tun yana leƙen fim ɗin ta tagar shagon Baba, har muka laƙaba masa sunan. Shi kaɗai ya tafa. Ni kuwa na ture farantina gefe.

Ga buƙatata. Na yi masa magana, ya ce, «Haba Yaya, ai ba za ka faɗi ba.» Maganarki yake ji. Ki sa ya rantse miki cewa in na faɗi ba zai biyo ni ba.

Ki gaida kowa. Na bar ki lafiya.
Yayanki

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Inna tana amsawa, ta ce kai ma kana yaro ba ka shan magani sai an danne ka.

Na karanta takardarka a kan keken ɗinki, na ɗinke hannun rigar wata mata a wuya. Yanzu fisabilillahi, shekara da shekaru kana ce mana aikin fenti kake yi a bakin teku, sai yau da ka samu abokin shiga ramin za ka faɗi gaskiya?

Kuma ka ji abin da ka roƙe ni kuwa? In ɗauki waya in ce wa Baban yara, in ka ga wana yana mutuwa ka harɗe hannu? Da wane bakin? Ko kuwa in ce ya shiga, yarana su tashi ba uba? Ka miƙo mini wuƙa mai baki biyu ka ce in riƙe ta inda na ga dama.

Batun fim kuwa ka ƙyale shi. Kwali ne, mun ji. Ai tun muna yara kai ne mai ɓata kallo, kana cewa ya aka yi gashin matar da ke cikin kumbon bai tashi ba alhali cokali yana yawo a iska. Amma Baba ba don bango yake son sa ba. Yakan tsayar da kaset ɗin a wurin tsallen nan ya ce, kun gani, ba a barin ɗan'uwa a baya. Da wannan aka raine mu, kai ma da shi ka riƙe gidan nan bayan rasuwarsa. Yau kuma ka ce ƙarya ne?

Ba zan sa shi rantsuwa ba. Kai dai kada ka faɗi. In tsufa ne ya kama ka, ka dawo, ɗakinka yana nan, kaji ne kawai suka mamaye shi.

Taka,
Auta

*

Auta,

Sallama da fatan alheri. Na ji faɗanki, kuma rabinsa gaskiya ne. Na ɓoye muku. Dawowa kuwa ba yanzu ba, kin san bakunan da ke jiran aikin nan.

Baba bai yi ƙarya ba, Allah ya jiƙansa. Bai taɓa shiga tanki ba ne kawai. A fim, in iska ta ƙare, mutum yana shure-shure, yana riƙe wuya, yana samun lokacin yin wasiyya. A tanki ba haka ba ne. Muguwar iskar ba ta da launi, wani lokacin ko wari babu. Mutum yana cikin goge bango sai ya zauna kamar wanda ya gaji. Shi ke nan. Na sama ya ga abokinsa zaune kusa, kamar ya miƙa hannu ya taɓa shi, ya ce bari in riƙe numfashi in ɗauko shi. Shi ma ya zauna. Shekarar da na zo nan, mutum ɗaya ya faɗi a jirgin da ke kusa da namu, gawa uku aka fitar. Biyun mutanen kirki ne. Ramin nan mutanen kirki yake ci.

Jiya heluma, shugaban rukuninmu, ya yi mana gwaji ba sanarwa. Ya sa aka jefa buhun yashi sanye da rigar aiki cikin tanki, ya yi ihu an faɗi. Kafin ƙararrawa ta yi ƙara, ƙafar mijinki tana kan tsani. Don buhun yashi, Auta! Heluma ya finciko shi ta ƙeya. Mutumin yana da masifa, yana kuma gaggauta mu fiye da kima, amma a nan ban ga laifinsa ba. Na roƙe shi ya canza mini mai tsaro, ya ce ba shi da wani, sauran duk an raba su. Kyaftin kuwa dariya ya yi, wai jikinsa ne ya riga shi.

Ki tuna wani a fim ɗin. Mai tsaron ƙofar kumbo, mai ƙibar nan da ake sakawa don a yi dariya. Lokacin da kyaftin ya yi tsalle, ya ce a bar ƙofa a buɗe, mai ƙiba ya rufe ta yana kuka, matar nan ta tofa masa yawu ta ce matsoraci. Mu ma mun tsine masa. To in da ya bar ta a buɗe, duk na ciki sun mutu. Kuma wa ya harba musu ƙugiyar da ta jawo su biyun? Shi. Amma da aka dawo gida ana rataya lambobin yabo, ko a hoton bai fito ba. Babban aibin fim ɗin ke nan, ya fi kwalin muni. Ya san mai ƙiba ne ya cece su, ya nuna mana da idonmu, sannan ya ji kunyar faɗa.

Mako mai zuwa za mu shiga wani tsohon jirgi da ya daɗe a rufe, tsatsa ta cinye cikinsa. Irinsu ne ba na so. Na'urar gwajin iska takan ce lafiya a sama, ƙasan kuma Allah kaɗai ya sani. Na saba da tsoro, ni da shi muke cin abinci. Amma da, kaina kaɗai nake ji wa. Yanzu in na ɗaga ido na ga fuskar mijinki a bakin rami yana yi mini murmushi, sai in ji wa mutum biyu.

Ba cewa na yi ki zaɓa ba. In ya tsaya, wataƙila mu biyu mu dawo. In ya shigo, ko ɗaya ba za ki gani ba.

Yayanki

*

Yaya,

Gaisuwa. Ban yi barcin kirki ba tun takardarka.

Na nemo fim ɗin na sa wa yara. Su suna kallon dodo suna dariya, ni ina kallon mai ƙiba. Ban taɓa lura ba, ashe a tsorace yake riƙe da ƙarfen ƙofar tun daga farko har ƙarshe, bai kuma saki ba. Ƙaramar ta tambaye ni me ya sa aka tofa masa yawu. Na kashe fim ɗin.

Na kira Baban yara. Na ce ya rantse. Ya ce, «Yayanki ne fa.» Na ce na sani, tun kafin in san ka na san shi. Ina jin numfashinsa kamar na makanikin nan, sannan ya ce an kira su aiki, ya kashe. Bai rantse ba, bai kuma ƙi ba. Tun daga nan ba ya ɗaukar wayata.

Ban gaya wa Inna komai ba. Allah ya fito da ku.

Auta

*

Maman yara,

Salamu alaikum. Ki samu wuri ki zauna kafin ki ci gaba. Yaya yana da rai.

Ban iya faɗa a waya ba, shi ya sa na yi irin tasa, na rubuto. Shekaranjiya da hantsi ya sauka tsohon jirgin nan. Ina kallonsa, yana kankare tsatsa a lungu, sai na ga ya zauna. Na ce, «Yaya, hutu kake?» Bai amsa ba. Na buga ƙararrawa, na kama naɗe igiya. Ya taso kaɗan, sai igiyar ta maƙale a ƙarfen tsani. Nan ƙasa da ni kaɗan, Maman yara. In na sauka taki kaɗan na sa ƙafa na ture ta, ta fita. Ina ganin hularsa. Ina ganin hannunsa yana lilo.

Ban sauka ba. Na kwanta a bakin ramin ina kiran sunansa har muryata ta tafi, ina jin muryarki a kunnena. 'Yan ceto suka iso, suka shiga da tukunyarsu suka fito da shi. Sun ce ba su daɗe ba. Ni dai na tsufa a wurin.

Yana asibiti, an sa masa abin numfashi, bai farka ba tukuna. Likita ya ce a jira. Heluma ya dafa kafaɗata ya ce na yi daidai, na ji kamar in mare shi. In Yaya bai tashi ba, ban san da wane ido zan kalli Inna ba, in ce ina tsaye a kansa da ƙafata biyu.

Na goge fim ɗin daga wayata. Kada yara su ƙara kira na da sunan nan.

Ki yi mana addu'a.
Baban yara

*

Auta,

Sallama. Ki yi haƙuri da rubutun, hannun bai gama dawowa ba. Likita ya ce zai dawo, tanki ne dai na gama da shi. Ki kori kajin.

Da na buɗe ido na hango mijinki a bakin ƙofar ɗakin, ya rame kamar shi aka ciro. Ma'aikaciyar jinya ta ce tun ranar yake tsaye a nan, an yi an yi ya shigo ya ƙi. Na yafito shi, ya sunkuyar da kai.

Na tattara ɗan numfashin da nake da shi na ce, «Kyaftin, nan akwai iska. Shigo.»

Ya shigo.

Ki gaida Inna.
Yayanki