Gonar Bakin Kanal

Tudun Kanya, Bunkure
Satumba, 1988

Zuwa ga Yaya Surajo,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Hajara da yara. Inna tana gaishe ka. Ka yi haƙuri da rubutun, hannun 'yar yaƙi da jahilci ne.

Ka dai ji ɓarnar da ruwa ya yi mana bana. Ɗakin Inna ya faɗi, rumbu ya zauna, dawar ciki ta yi tsiro. To, makon jiya mutanen wata ƙungiya suka zo da farar mota. Mun zata garin masara za a raba kamar shekarar fari, sai ga shi kuɗi ne, kowane gida da ruwa ya ci. Da aka zo kanmu mai unguwa ya ce, “Nan ba namiji, a ba Baffansu Dattijo ya riƙe musu.” Wata mata mai tabarau a cikinsu ta ce, “Wa ke ciyar da gidan?” Na ce ni ce, tun da mijina ya rasu na dawo gaban Inna. Ta ce, “To, miƙo hannunki.” Naira dubu ɗaya, Yaya.

Ga abin da na yanke. Ɗakin Inna jinka zan yi masa, don kwano ya ninka kuɗi tun ranar da aka yi rabon. Sauran kuma gonar Baba ta bakin kanal, inda ake noman rani, zan zuba wa. Tun rasuwar Baba, Alhaji Iliyasu ke ɗaukar hayar eka biyun nan duk rani yana shuka alkama, don ba mu da kuɗin tarakta da taki. Ni kuma in je in yi masa sheƙa a gonar ubana, a biya ni da mudu. Bana ni zan noma ta. Na riga na aika masa.

Ka sa mana albarka. Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Iyatu

Kaduna
Oktoba, 1988

Iyatu,

Na samu takardarki. Muna lafiya. Ki gaishe da Inna.

Wa ya ba ki wannan shawara? Gonar nan taki ce ke kaɗai da za ki aika wa Alhaji kafin ki tambaye ni? Kin manta motarsa ce ta kai Baba asibiti? Kin manta duk damina idan rumbu ya ƙare ƙofarsa kuke zuwa? Mai tabarau ta ba ki sau ɗaya ta hau mota ta tafi. Alhaji kuwa yana nan, kuma da shi za ku kwana ku tashi.

Rabona na hayar nan da shi nake biya wa yara makaranta. A masaƙa an rage mana aiki, ana ta raɗe-raɗin sallama. Ba wanda ya zo nan da farar mota ya tambaye ni wa ke ciyar da gidana. Da kin yi tunani, da kin aiko da rabi na saya wa Hajara keken ɗinki.

Tunda yanzu kin fi ni ƙarfi, ɗan abin da nake aikowa ƙarshen wata zan dakata da shi. Ki ciyar da Inna daga gonarki.

Wassalam,
Surajo

Tudun Kanya
Janairu, 1989

Yaya Surajo,

Gaisuwa da fatan alheri. Na daɗe ban amsa ba, ina jiran zuciyata ta huce ne. Ba ta huce ba, amma ga shi na rubuta.

Ban gaya wa Inna ka daina aike ba. Na ce mata direban da ke kawo saƙonka ne ya sauya hanya.

Wasu maganganunka sun tabbata. Mai tarakta ya karɓi kuɗina, sannan ya ce sai ya gama da gonakin Alhaji. Na jira har lokacin shuka ya kusa wucewa, sai maƙwabcinmu Bilya ya tausaya ya huɗe min da shanunsa. Ranar da layin ban ruwa ya zo kanmu kuma in je in tarar an toshe ƙofar ruwa ta sama, in tsaya cikin maza ina faɗa kamar mahaukaciya. Alhaji ya wuce ni a mota ya sauke gilashi ya ce, “Manomiya, ina gajiya?” Na ce, “Ba gajiya, ranka ya daɗe.”

Dangi kuwa, waɗanda ko gaisuwar mijina ba su zo ba, kowa ya tuna hanyar gidanmu. Wanda na ba ya raina, wanda na hana ya daina gaishe ni. 'Yan ƙwadago ma sun ƙara kuɗi, sun ce ai gari ya yi arziki. Gidaje da yawa kuɗin da aka ba su ya ƙare a tukunya kafin kaka, kuma ba na ganin laifinsu, yunwa ba ta jiran girbi. Nawa ma ya ƙare, awakina biyu na sayar na ƙarasa taki.

Amma Yaya, da za ka ga alkamar nan! Ta kai min gwiwa, kore shar. Inna ta sa aka kai ta a amalanke, ta zauna a bakin kunya tana shafa ganyen, ta ce rabonta da shiga gonar tun Baba na da rai.

Ka gaishe da Hajara.

Iyatu

Tudun Kanya
Afrilu, 1989

Yayana,

Alhamdu lillahi! Ina gaisuwa, ina kuma yi maka albishir. Mun yi girbi, buhu goma sha takwas. Tun da aka hana shigo da alkamar waje, masu saye har bakin gona suke biyo mu daga Kano. Ga rabonka nan a hannun direban da ya kawo takardar, ka duba ka gani ko bai ninka abin da Alhaji ke ba ka sau uku ba. Ga kuma rabin buhu, Hajara ta yi wa yara alkubus.

Na ware iri da kuɗin takin baɗi, ba sai wata ƙungiya ta zo ba. Bilya da wasu mutum huɗu sun ce su ma sun daina ba da haya. Ka zo ka gani da idonka, a bar abin da ya wuce.

Taka,
Iyatu

Tudun Kanya
Yuli, 1989

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Daga Malam Dattijo zuwa ga ɗan ɗan'uwansa Surajo. Aminci ya tabbata gare ka. Bayan haka:

Na aiwatar da abin da ka nema. An raba gonar mahaifinka a gaban shaidu yadda shari'a ta tsara, an fitar wa mahaifiyarku tumuninta, kai kashi biyu, Iyatu kashi ɗaya. Haƙƙinka ne, ba ni da ikon hana ka. Amma ba kowane halal ne ake ci a ji daɗi ba.

Na ji an sallame ka daga masaƙa, Allah Ya musanya da mafi alheri. Na kuma ji Alhaji Iliyasu da ƙafarsa ya same ka a Kaduna. Shekara da shekaru bai taɓa taya gonar nan ba, don haya ta fi masa araha. Sai da ya ga talakawa sun fara koyi da ƙanwarka. Kai kuma sai da ka ga abin da gonar ke iya bayarwa sannan ka san tana da kuɗi. Ka zo har Kura, nan kusa da mu, ka sa hannu, ka koma ba ka ƙaraso ka gaida mahaifiyarka ba.

Abin da ya fi ɓata min rai, ɓangaren bakin kanal ka zaɓa ka sayar. Na Iyatu da mahaifiyarku ya faɗa can ƙarshe, ruwa ba zai isa gare shi ba sai ta cikin gonar Alhaji. Ranar awo Iyatu ta tsaya tana kallon igiya, ba ta yi kuka ba. Abin da ta ce kawai, “Baffa, da ban aika masa rabonsa ba, da bai sani ba ko?”

Allah Ya shirye mu baki ɗaya. Wassalam.

Kaduna
Nuwamba, 1989

Ƙanwata Iyatu,

Ina gaisuwa, ina gaida Inna. Wannan ce takarda ta uku da na aiko ba amsa.

Ba zan ce na kyauta ba. Amma ki sani ranar da Alhaji ya zo, mai gidan haya ya riga ya fitar mana da kaya tsakar gida, ƙaramar 'yata tana kwance da ƙyanda. Ya ce sai bakin kanal zai saya, ko ya fasa. Ya kuma yi min alkawari ba zai hana ki ruwa ba. Kunya ce ta hana ni ƙarasowa gida, ba raini ba.

Na sayi tsohuwar tasi ina ja. Rabin kwanakin wata tana wurin makanike. Idan ta miƙe zan dawo da aike, in sha Allah.

Ki yafe min don darajar Baba. Ki rubuto ko layi ɗaya ne.

Yayanki,
Surajo

Tudun Kanya
Disamba, 1989

Surajo,

Muna lafiya. Allah Ya ƙara wa yarinya sauƙi.

Ruwa bai zo ba. Irin da na ware mun ci.

Jiya mutanen ƙungiya suka dawo duba waɗanda suka taimaka wa. Mai unguwa ya ce musu ni ce abin misali a ƙasar nan. Suka kai ni bakin kanal, suka tsayar da ni cikin alkamar Alhaji, ta yi kyau ƙwarai bana. Mai tabarau ta riƙe hannuna tana murna, ban iya gaya mata ba. Mai hoto ya ce in yi murmushi. Na yi.

Maganar yafiya, ka bar ni tukuna.

Iyatu