Hulunan da Ba Su da Datti

Asabar, 5 ga Afrilu, 2025

Yau na buɗe. Ba shago ba ne dai, ƙofar zaurenmu ce a nan Kabara, amma an share, an yayyafa ruwa, na jera bahona da burushi da gudumar bugu. Malam Ado, wanda ya koya min wankin hula a rumfarsa ta Ƙofar Ɗan Agundi, ya yaye ni da tsofaffin gumagumansa na katako, irin waɗanda ake kifa hula a kai ta bushe ta ɗauki siffa. Ɗaya ya tsage, amma kyauta ce.

Da zan tafi ya ce, "Isyaku, kar ka ruɗu da godiyar mutane. Ranar Juma'a ka duba kawunansu. In ka ga hular da ka wanke a kan mutum, to ka fara sana'a."

Shan inna ya ɗauke min ƙafafu tun ina rarrafe, amma ya bar min hannuwa, kuma tuƙa keken guragun nan ya mai da su na ɗan dambe. Aikin zaune ne, aikin hannu ne. Kamar don ni aka ƙirƙiro shi. Abin da nake roƙo kawai: in ga hulata a kan wani ranar Juma'a.

Litinin, 7 ga Afrilu

Huluna kamar ana rabo. Tun safe ake sallama. Har mutanen da ban taɓa gani da hula ba sun kawo. Umma sai leƙowa take ta labule tana murmushi, ta ce kunu ta kawo min, alhali na sha kunun tun ɗazu.

Babu wanda ya taya. Na faɗi kuɗi, a ce "Allah ya sa albarka." A Kano! Na ce ko dai na yi araha ne.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Wani abu na ɗan damuna, amma bari in rubuta shi da dariya. Ruwan wankina ba ya yin baƙi.

A wurin Malam Ado, hular da ake sawa ana ganinta daga nesa: bakinta ya sha gumi da man gashi, ka tsoma ta ruwa ya koma kamar na kududdufi, turaren mai ita ya taso har ka san ko ɗan wace unguwa ne. Waɗannan nawa kuwa warin akwati suke yi da kafur. Ɗaya har da ƙwan kyankyaso a ninkinta. Na wanke su dai tas, na sa sitaci, na kifa, na buga. Sun yi kyau, wallahi. An jera su a rana kamar 'yan makaranta.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Na ajiye keke a inuwar masallaci, na ja jiki na zauna a ƙarshen sahu, inda nake ganin kowa. Kawuna na yi ta bi ɗaya bayan ɗaya. Allah ya yafe min, ban san a kan me aka yi huɗuba ba.

Babu ko ɗaya. To, makon farko ne.

Da aka fito, ina jiran mutane su ragu in samu hanya, sai mutumin nan mai farar shadda ya zo kamar kullum ya sakar min kuɗi a cinya ya wuce. Ban taɓa roƙonsa ba. Ban taɓa roƙon kowa ba. In keke ya tsaya dai, hannun mutane aljihu yake nufa. Na ce masa Allah ya ba da lada, don bakina ya riga ya saba.

Talata, 15 ga Afrilu

Rabin hulunan makon jiya suna nan ba a zo karɓa ba. An biya, an tafi, an manta da su. Na rufe su da tsohon zanen Umma saboda kaji.

Juma'a, 18 ga Afrilu

Babu.

Laraba, 23 ga Afrilu

Na tuƙa zuwa wurin Malam Ado in gaishe shi. Yana ta tsokanata, wai na zama Alhaji ban ƙara waiwayarsa ba. Muna cikin dariya idona ya faɗa kan layin shanyarsa.

Zanna shuɗiya mai ɗigon fari. Ko cikin dubu zan gane ta. Hular Yaya Salisu ce, babban wanmu, wadda ya saya lokacin aurensa. Kusa da ita ta limamin layinmu. Gaba kaɗan ta mai shayin ƙofar gidanmu. Duk mutanen da suka kawo min na akwati, ga na kansu nan a kan gumaguman Malam Ado suna shan rana.

Malam Ado ya ga inda nake kallo. Ya ce, "Ka sha ruwa mana." Na gode masa da haka.

A hanyar dawowa ban san na wuce kwanarmu ba sai da na ga ina neman kai wa wata unguwa.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Na tare Umma tana tankaɗe. Ba ta ma yi musu ba. Ashe tun kafin in buɗe ta bi gida-gida, ta ce kowa ya duba ko da tsohuwar hula a kawo wa yaron nan, a ƙarfafa masa gwiwa. Na ce, "Umma, wace gwiwar?" Ta jefe ni da murfin kwano, muka yi dariya, amma ni tawa ba ta kai ciki ba.

Yaya Salisu ya fi ba ni haushi, don shi gaskiya ya faɗa. Ya ce, "Ba raina aikinka na yi ba. Amma in Malam Ado ya ɓata min zannar nan, zan je in zazzage masa. In kai ne fa? Sai dai in haɗiye. Ba zan iya yi maka faɗa ba, Isyaku."

Shi ke nan fa. Ba a ba ni hular kirki don ba a iya yi min faɗa. Abin ya yi min ciwo sosai. Sadaka ce dai, an sa mata hula.

Asabar, 26 ga Afrilu

Na kafa doka. Duk wanda ya kawo hula sai na juya bakinta na shinshina. In akwati na ji, in mayar masa, in ce, "Malam, wannan ba ta da datti, a je a sa ta tukuna." Mai shayi ya yi ta dariya har ya riƙe bango. Umma ta ce ina korar arziki da hannuna.

Laraba, 30 ga Afrilu

Shiru. Na wanke hular kaina sau biyu don kar hannu ya manta. Kajin Umma ne kaɗai ke zuwa duba kaya, su ma ba sa tayawa.

Litinin, 5 ga Mayu

Alhaji Gwadabe ya zo. Tsohon ɗan goro ne a bayan layinmu, wanda babu mai wankin hula a cikin ganuwar nan da bai yi rigima da shi ba. Malam Ado in ya hango shi tafe sai ya ce alwala ta kama shi. Ina jin masu wankin ne suka ƙare masa, saura ni.

Ya ciro hula ƙube daga aljihun babbar riga ya jefo min. Na juya bakinta. Baƙi ƙirin, mai ya kwanta, ga warin goro da turare. Sai da na ji kamar in rungume ta.

Na faɗi kuɗi. Ya ce, "Kai, zinare za ka wanke ta da shi?" Ya taya wani irin tayi na wulaƙanci. Na ce albarka. Ya ƙara kaɗan. Na ce albarka. Ya juya zai tafi, ya dawo, ya ce yaran yanzu ba tsoron Allah. Tun da nake ban taɓa jin daɗin cewa albarka irin na yau ba.

Ruwan ya yi baƙi. Na kira Umma ta zo ta gani, ta ce Allah ya shirye ni.

Laraba, 7 ga Mayu

Na tafka ta.

Murna ta hana ni abin da Malam Ado ya fara koya min: kafin ka jiƙa hula, ka gwada ta a gungume tana busasshiya, ka san lambarta. Alhaji ƙaramin kai gare shi, gumagumaina duk manya ne. Da ta ƙi shiga, maimakon in tsaya, sai na sa hannun nan nawa na ɗan dambe na danna ta. Ta shiga kuwa.

Da ya zo karɓa ya kifa ta a ka, sai ta zarce ta zauna a kan kunnuwansa. Ya ɗaga ta ya leƙo ni ta ƙasa. Daga nan ya buɗe wuta. Kwando ya ba ni ko hula? Wa ya yaye ni? Shi fa hular nan ta girme ni. Mutanen layi suka taru. Umma ta fito har bakin zaure da mayafi a karkace.

Mai shayi ya matso ya rage murya, amma na ji shi: "Haba Alhaji, a yi haƙuri mana. A dubi halin da yake ciki."

Alhaji ya ce, "Wane hali? Da ƙafa ake wankin hula? Da hannu ya ɓata min, da hannu zai gyara."

Ni kunya ta ishe ni, don laifina ne ƙarara, kuma in hular nan ba ta koma ba na gama sana'a a Kabara. Amma can ƙasan kunyar wani abu ne ke min daɗi, har na sunkuyar da kai kar a ga bakina. Na ce, "Alhaji, na yi kuskure. A ba ni zuwa gobe da yamma."

Ya ce, "In ba ta gyaru ba, ka san kasuwar da ake sai da irinta."

Alhamis, 8 ga Mayu

Da sassafe ina wurin Malam Ado. Ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ce, "Ka ga yanzu ka shigo cikinmu. Ba mai wankin hula ba ne wanda Gwadabe bai zaga ba." Ya ara min ƙaramin gungume, ya ce in wanke sitacin duka, in jiƙa ta da ruwan ɗumi, in bar zaren ya koma da kansa, kar in sa mata ƙarfi ko kaɗan.

Haka na yi. Na zauna gadinta a rana kamar mai jinya. Hadari ya taso daga gabas bayan azahar, na yi ta addu'a, ya wuce bai zubar ba.

Bayan la'asar ya zo. Ya sa. Ya girgiza kai hagu da dama, ba ta motsa ba. Ya cire ya duba ciki da waje, yana neman abin faɗa. Ya ce, "Sitacin ya yi yawa." Ya tafi da ita a kansa.

Juma'a, 9 ga Mayu

Sahu na biyu, dama da ginshiƙi. Ƙube ruwan ƙasa, tsaye cak, bugunta na sheƙi. Na gan ta.

Na daɗe ina kallo. Ba zan ɓoye wa takarda ba, na yi ƙwalla, na goge da hannun riga kamar gumi ne.

Talata, 13 ga Mayu

Ashe faɗan Alhaji talla ne. Labari ya zaga cewa an ɓata wa Gwadabe hula kuma an gyara, har ya sa ta. An fara kawo na gaske, masu gumi. Ana tayi, ana ƙorafi. Liman ya ce tasa ta yi tauri kamar kwano. Na ji daɗi, na kuma rage sitaci.

Na ba kafinta aikin ƙananan gumagumai.

Lahadi, 18 ga Mayu

Na fito na tarar da zanna shuɗiya mai ɗigon fari a kan bencina. Ba sallama, ba bayani. Da yamma Yaya Salisu ya wuce a babur, bai tsaya ba, ya ɗaga murya ya ce, "In ka buɗa min ita, sai na ci mutuncinka." Na ce Allah ya kai mu.

Juma'a, 30 ga Mayu

Babbar Salla ta matso, aiki ya yi min yawa, kafaɗuna har ciwo suke. Rubutu ma da ƙyar.

Bayan an idar da salla ina kan keke a wurin da na saba jira, sai ga mai farar shadda ya nufo ni. Na riga na haɗa "Allah ya ba da lada" a baki. Hannunsa bai je aljihu ba. Kansa ya nufa, ya cire hular ya ajiye min a cinya, da ɗuminta. Ya ce, "An ce kai ne na Kabara. Yaushe zan zo?"

Na juya bakinta. Da datti. Na ce, "Litinin bayan la'asar. Kuma ba a ragi." Ya ce za mu gani. Ya tafi kai ba hula cikin ranar nan.

A gida Umma ta tambaye ni hulunana nawa na gani yau a masallaci. Na buɗe baki, sai na tarar ban sani ba. Ban duba ba. Zafi ne ya yi yawa, ina jin, ko gajiya.

Huɗubar a kan haƙƙin maƙwabci aka yi ta. Ta yi daɗi.