Tsohon da ya ɓata sunan kakana ya ce in jira ya mutu

Assalamu alaikum. Admin a ɓoye sunana, don Allah jama'a ku ba ni shawara kafin zuciya ta kai ni.

Aikina gwajin ƙarfe ne, muna da na'urar da ke tura sauti cikin ƙarfe ta nuna tsaga ko haɗin da ido ba ya gani, da wata ta leza mai auna tauri, duk ba tare da an fasa komai ba. Kakana Mamman kuwa da kunne yake yin nasa, ya ƙwanƙwasa da 'yar guduma ya saurara. Shi ne Sarkin Maƙera a garinmu, wajen Bahindi, a shekarun samun 'yancin kai.

Ya ƙera wa wani manomi aksul na amalanken shanu, wato sandar ƙarfen da ke riƙe tayoyi, sai ya karye a hanyar Bagudo, amalanken ya danne ƙafar mutumin ta nakasa. Kaka ya ƙwanƙwasa guntun, ya rantse tsakiyar ba ƙarfensa ba ce, an taɓa shi. Wani maƙeri Tanko, wanda aka kai wa amalanken gyaran taya kwana kaɗan kafin nan, ya tashi gaban dattawa ya ce ƙarya ne, ƙarfen banza Mamman ke sayarwa. Aka karɓe sarautar aka ba Tanko. Kaka ya tsallaka Dahome, wato Benin ta yanzu, can baƙin ciki ya kashe shi. Babana ya girma ana ce masa ɗan mai ƙarfen banza, har yau ba ya zama a majalisa.

Guntayen suna nan a ɗakin baba. Watan jiya na kai su wurin aiki na gwada. Wallahi ga haɗi nan ɓaro-ɓaro a ciki, an liƙa ƙarfe mai laushi an goge, gefe biyu kuwa da taurinsu.

Tanko yana raye, ya makance. Na je na gaishe shi, na ƙwanƙwasa guntun kusa da kunnensa. Da ya ji ƙarar sai ya ce, "Wanga na san shi, ɗana. Aikina na. Ka bari sai ƙasa ta ruhe mani ido."

Juma'a mai zuwa za a naɗa ɗansa a wannan sarautar. Ni dai so nake in miƙe a tsakiyar taron da takardar gwaji da guntun, in sa tsohon ya maimaita a lasifika, su ma su ɗanɗani sunkuyar da kai. Ba na jin tausayinsa ko kaɗan. Matata ta ce tonon asirin makaho ba jarumta ba ce.

To in jira ya mutu kamar yadda ya roƙa, ko in fasa ƙwan ranar naɗi? Ku sani babana ma yana kwance, kuma ban san wanda zai riga wani ba.