Sunan da Aka Raɗa

Jibiya, Litinin

Malam Amos,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Prisila da yara. Direba na ba takardar nan, tunda an yanke layin waya a Jibiya.

Abokinka na tsare a tsallaken iyaka. An sace mashi jaka a tasha, da waya da takardun maganin shanun da ya ɗauko, jami'an can suka ce maganin kayan sumoga ne. Sun hana a gan shi. In ba a kai shaida ran Alhamis ba, gidan kaso za a wuce da shi.

Ya taɓa ce mani hoton kowace takarda na cikin imel ɗin da ka buɗe mashi. Ƙanena ya fita inda ake samun layi ya gwada, aka tambayi sunan ɗanshi na fari. Na cije na faɗi Arzika, sunan da bakina bai saba kamawa ba, abin ya ce ƙarya ne! Ni da na haifa? Don Allah ka taimake ni, ko ruwa ba ya wuce mani.

Matar abokinka,
Hajo

Katsina, Talata

Maman Arzika,

Na ga takardarki, hankalina ya tashi. Laifina ne. Ni na koya wa mijinki Zunnuraini kada ya ba waɗannan tambayoyi amsar gaskiya, don duk Jibiya an san sunan ɗansa. Ya ƙirƙiro amsoshi, muka adana su a wata manhaja mai ajiye kalmomin sirri. Kamar akwati take, kalma ɗaya ke buɗe ta, shi kaɗai ya san ta.

Na gwada sunansa da na garinku Riko, ta ƙi. Saura gwaji ɗaya ta kulle har kwana uku. Amma ya bar wa kansa abin tuni: "sunan da na raɗa." Ban gane ba. Ke fa?

Ubangiji ya fid da shi.
Amos

Jibiya, Laraba da safe

Malam Amos,

Ina gaisuwa. Wayyo, ka tono mani abin da na binne.

Kafin yaron nan na haifi ɗiya. Ba ka sani ba, lokacin ba a kawo ka aiki Jibiya ba. A wurinmu uba kan yi wa jariri huɗuba, ya raɗa mashi suna a kunne, ba a bayyanawa sai ran bakwai. Kwananta huɗu ta koma.

Da cikinta mun yi ta ja. Ya kafe sai sunan uwarshi, Safiyatu, ni ko ina son na tawa da ta rasu, Salmatu. Har yaji na yi. Bayan an kai jaririyar makwanci bai sake ɗaga maganar ba, ni ma ban tambaya ba. Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da shi a zuci, ina cewa mutumin nan ko a jikinshi.

Na san taurin kanshi, in hankali za a bi Safiyatu ne. Na rubuta shi, na soke, ka ga wurin. In na kuskure, ni na kai shi kaso da kaina.

Ka sa Salmatu. Allah ya gani, ban da hujja ko ɗaya.

Hajo

Katsina, Laraba da la'asar

Maman Arzika,

Ta buɗe. Ga takardun nan guda biyar na buga, suna hannun direba, ki sa a tsallaka da su da sassafe.

Wai sunan ɗan fari "Jandarma" ya sa, ja'irin! Na yi dariya, sai kuma na kasa. A ƙasan amsoshin akwai layi ɗaya da ba na kowace tambaya ba. Na kwafo miki yadda yake: "Salmatu, kwana huɗu. Ban iya faɗa wa uwarta ba."

Ki ci abinci, don Allah.
Amos